Ragowar Tuwo da Tattabarun Maƙwabci

Kwanan baya jikata ta miƙo mini wayarta ta ce in ga abin da mutanen layinmu suke rubutawa a zauren hirar unguwa na waya. Wai diloli sun yi yawa, har wani ya sa hoton ɗaya yana kwance a kan rufin mota da rana tsaka. Mutane da yawa sun tofa albarkacin bakinsu, wannan ya ce a kira council, wato ƙaramar hukuma, waccan ta ce a ƙyale su tunda su ma halittu ne. Na tambaye ta ko ta san fuskar ko da mutum ɗaya daga cikin masu maganar. Ta yi dariya ta ce, "No, Kaka." Na mayar mata da wayar. Tun daga ranar zuciyata take komawa wani layi a Plumstead, a nan ƙasar Turawa, mai gidaje manne da juna da lambuna 'yan sirara a bayansu, inda ake ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa idan ana da magana da shi. Na bi ta wurin a mota bara. An rushe rabin layin, an yi dogayen gidaje a inda lambunan suke.

Ina amarya aka kawo ni, a shekarun da kuɗin mai ya zo wa ƙasarmu, gwamnati tana ta tura mutane karatu kamar ana ɗibar ruwa a tafki. Malam, maigidana, yana cikinsu, yana karatun aikin ruwan famfo. Muka kama ɗaki ɗaya da kicin a ƙasan gidan wata tsohuwar Baturiya, ita tana hawa na tsakiya, sai wata baiwar Allah daga zangon Kumasi a ɗakin can sama. Abin da na fi tunawa da shi sauti ne. Ƙarar kwalaben madara da asuba idan mai rabawa yana ajiyewa ƙofa ƙofa, da jirgin ƙasa da ke wucewa bayan lambunmu har kofuna su yi rawa a kan kanta, da tarin masu kwasar shara suna ɗaukar bolar ƙarfe a kafaɗa. Ɗakin kullum yana warin kananzir saboda hita. Ina tuƙa tuwo da garin semolina, ina tattalin kuka da daddawar da na zo da su kamar maganin ido, nama kuwa sai Malam ya shiga mota biyu ranar Asabar kafin ya kai ga mahaucin da muka yarda da yankansa. A lokacin ina ganin wahala ce. Yanzu da komai yake a kanti, har da yaji a kwalba, na kan rasa abin da ya sa abincin bai kai na wancan ɗaki daɗi ba.

Ranar da muka tare, mai gidan ta tsaya a kicin ta ba mu dokokin layin, Malam yana fassara mini. Yawancinsu a kan dila ne. Turawa suna da nasu sunan, amma da Malam ya kwatanta mini shi, ja mai dogon baki da wutsiya kamar tsintsiya, sai muka ce ai dila ne, kuma haka na ci gaba da kiransa. Ramukansu suna jikin tudun layin dogo. Babu wanda ya rubuta dokokin, mutanen layin ne suka yarda da su a tsakaninsu tun kafin mu zo. Kowace bola sai an ɗora mata bulo a kan murfi. Ba a zuba abinci a lambu, ko ƙashi ɗaya, mai son ba tsuntsaye burodi kuma ya sa a kan tebur mai tsawo ya share kafin duhu. Wanda ya ga alamar tono a ƙarƙashin shinge zai faɗa wa dattijon gidan da ke jikin namu, shi zai cike wurin da fasassun bulo, idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa shi zai rubuta wa council su turo mai tarko. An ba shi wannan girma ne don shi ya fi kowa abin asara, yana da ɗakin tattabaru na katako a ƙarshen lambunsa. Mai gidan ta ƙare da cewa ɗan hayan da ya karya doka zai nemi wani wuri. Da ta fita Malam ya ce, "Kin dai ji. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura."

Na ji, kuma bulo bai taɓa sauka daga kan bolarmu ba. Abin da ya gagare ni shi ne zuba abinci a cikinta. A gidan kakata na tashi, inda ragowar tuwo ba ya kwana ba shi da mai shi: akwai kaji, akwai akuya, akwai karen maƙwabta, ruwan wanke-wanke ma agwagi suna jiransa. Ta kan ce, "Kowace loma da mai ita, ke dai ajiye a inda zai gani." Idan ta ga ƙwayar gero a ƙasa sai ta duƙa ta tsince, da ciwon bayanta da komai. Sai ga ni a garin da ba kaza ba akuya, kullum ina kankare tukunya ina zubawa a kan toka da gwangwanaye. Duk ranar da na yi haka sai in ji kamar tana tsaye a bayana.

Matar sama ce ta ɗebe mini kewa a watannin farko. Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekara goma, ita kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Amarya. Tana aikin wanki a wani asibiti, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna gida wurin mahaifiyarta. Hausarta ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta, da farko har ina ɓoye dariya. Ita ta koya mini shiga bas, ita ta nuna mini yadda ake shanya a ɗaki ba tare da bango ya yi baƙi ba. Da ta lura ina da ciki, tun kafin in faɗa wa kowa, sai ta fara sauko mini da miyar kifi a wani kwanon samira mai fure shuɗi. "Ci, Amarya," ta kan ce. "Ba kai kaɗai kake ci ba yanzu."

A murfin wannan kwanon na fara aikata abin. Wata safiya ta hunturu, bayan Malam ya fita kama jirgi, na zuba guntun tuwo da ƙasusuwa a kai, na kai can ƙarshen lambu bayan rumfar gawayi, na ce ko tsuntsaye za su ci. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Da na koma da hantsi an suɗe shi tas. Kwana uku bayan haka na ga dilar da take ci. Mace ce, ramammiya, tana ɗan ɗingisa ƙafar gaba. Ta tsaya a jikin shinge ta dube ni, na dube ta, numfashinmu yana hayaƙi a cikin sanyi. Ba ta gudu ba, ni ma ban kore ta ba. Daga nan abin ya zama al'ada. Ina idar da sallar asuba, Malam ya fita, in kai mata, in tsaya a ƙofar kicin da mayafina ina kallo. Ina yi mata magana da Hausa, don ban da Yaya da Malam babu wanda nake yi wa. Na kan ce, "Malamar daji, kin makara yau." Da bazara ta kusa na ga nonuwanta sun sauko, na gane ta haihu, sai na ƙara mata da ɗan abin da bai kai ga zama ragowa ba.

Dattijon tattabaru kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ya ɗaga hula in rusuna. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, matarsa ta rasu, ba mu taɓa ganin wani ya zo wurinsa ba. Kowace yamma yana sakin tsuntsayensa su kewaya saman layin, sannan ya kaɗa hatsi a gwangwani su sauko. Ina son wannan ƙarar. Tana tuna mini da tukwanen tattabarun da aka jera a katangar gidanmu.

Wata safiya na fito da murfin a hannuna sai na ga gashin tsuntsu ya rufe ciyawa har cikin lambunmu. Na ajiye murfin a inda na saba, ban san ma na ajiye ba, na leƙa ta shinge. Dattijon yana durƙushe a ƙofar ɗakin tattabarun, ba hula, yana jera su a kan buhu ɗaya bayan ɗaya. Bakwai na ƙirga. An tone ƙarƙashin shingen daga ɓangarenmu, daidai bayan rumfar gawayi, inda babu mai gani sai wanda ya je. Na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Kafin azahar mutanen layin sun taru a lambun, sun bi ramin, sun tarar da murfin da tuwo a kai. Mai gidan ta san kwanon, ta sha ganinsa a hannun Yaya a kan bene, kuma dama tana ƙorafin warin kifinta. Da Yaya ta dawo daga aiki ta tare ta a ƙofa. Ina jin su ta bango. Turancina bai kai ba, amma na ji "mako ɗaya", na gane wa'adin barin gida aka ba ta, na kuma ji Yaya ta amsa da kalma biyu a hankali ta hau sama.

Bayan magariba na faɗa wa Malam. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun hunturu."

"Kin san ƙofa nawa na ƙwanƙwasa kafin a ba mu wannan ɗakin? Wasu suna ganin fuskata suke cewa an kama. Ga jarrabawa saura mako uku, ga ki a haka." Ya dubi cikina. "Yaya ta san gari, tana da mutanenta a Peckham. Bari mu yi tunani."

Ba mugun mutum ba ne, Allah ya jiƙansa. Tsoro ne, kuma ni ma ina jin irinsa, shi ya sa na karɓi maganar da sauri. Muka yi tunani kwana biyu. A kwana biyun nan ban hau sama ba, idan na ji takunta a bene sai in rage motsi kamar ba na nan. Ranar ta biyu ta ƙwanƙwasa, na buɗe, ta miƙo mini miya a wata 'yar tukunya, ta ce, "Murfin kwano na yana wurin su, yi haƙuri da wannan." Ta juya ta hau. Na ajiye tukunyar a kan tebur, na kasa buɗe ta.

Da gari ya waye na ɗaura ɗankwali na ce wa Malam zan hau wurin mai gidan, in zai zo ya fassara to, in ba zai zo ba zan yi da hannu. Ya dube ni, ya ajiye jakarsa, ya bi ni. Na yi bayani da Hausa tun daga farko, shi yana mayarwa, amma sai na ji maganarsa ta fi tawa laushi, na kuma tsinci wata kalma da na sani tana ta dawowa, wadda take nufin wataƙila. Na gane yana cewa wataƙila abinci ne ya zube. Na dafa ƙirjina na ce da ɗan Turancin da nake da shi, "No maybe. Me." Na nuna sama inda ɗakin Yaya yake na girgiza kai. Malam ya sunkuyar da kai, daga nan ya faɗi sauran yadda na faɗa.

Fuskar matar ta yi ja. Ta yi faɗa mai tsawo, wanda Malam bai ga amfanin fassarawa ba, ta ƙare da cewa ba ita aka yi wa ɓarna ba, mu je mu faɗa wa mai tsuntsayen da bakinmu, sannan mu fara neman ɗaki.

Mun same shi a cikin ɗakin tattabarun yana shara. Ya saurara har ƙarshe, tsintsiya a hannu. Ya tambayi abu ɗaya, me ya sa. Na ce a gidanmu ba a zubar da abinci. Ya gyaɗa kai, ya ce su ma lokacin yaƙi haka suke, sannan ya ce biyu daga cikin waɗanda suka mutu jikokin wata tattabara ne da matarsa ta rena. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina tsaye ina neman inda zan sa idona sai na ji wani ɗan kuka daga wani akwati a sama. 'Yan shila ne biyu, gashi bai gama rufe su ba, maƙoshinsu ya lotsa. Ya ce iyayensu suna cikin bakwai ɗin, ya gwada ba su hatsi sun ƙi, ba za su kai jibi ba.

Na ce wa Malam, "Ka ce masa ya ba ni su."

"Ke kuma, ba ki gaji da jawo magana ba?"

"Ka dai faɗa masa."

Na roƙi hatsi da ruwan ɗumi. Na jiƙa, na tauna har ya yi laushi, na ɗauki ɗan shila ɗaya na sa bakinsa a gefen bakina, yadda na ga kakata tana yi idan shaho ya ɗauke uwa. Ya ɗan yi jim, sai ya fara zura baki yana karkaɗa fukafukai. Dattijon ya jingine tsintsiyar ya matso yana kallo. Da na gama da na biyun ya taɓa maƙoshinsu da yatsa ya ji sun cika. Da yamma ya shiga wurin mai gidan. Abin da Malam ya jiyo shi ne ya ce a bar mu har tsuntsayen su tashi. Sun tashi, kuma babu wanda ya sake tayar da maganar, Yaya ma tana nan a ɗakinta.

Doka kuwa ta bi hanyarta. Dattijon ya rubuta wa council takardar, bayan 'yan kwanaki wani mutum ya zo da safe da tarko da wani guntun kare, suka nufi tudun layin dogo, aka ce mata su zauna a gida. Na zauna a bakin gado na toshe kunnuwa, duk da haka na ji haushin karen. Ban tambayi abin da aka yi da 'ya'yan dilar ba, har yau ban sani ba, ko in ce na sani. Ni na koya mata hanyar gida, ni na cire mata tsoron mutane, ita kuma ta yi abin da aka halicce ta a kai. Na yi kukan da ban iya gaya wa kowa dalilinsa ba, don a layin nan babu wanda zai yi wa dila ta'aziyya.

Sau uku a rana nake zagayawa gidan dattijon, har aka yi mini 'yar ƙofa a shinge don kada in riƙa bi ta titi da tsohon ciki. A ɗakin tattabarun nan na koyi rabin Turancina, shi yana nuna abu yana faɗa, ni ina maimaitawa, shi ma ya iya cewa "sannu" ko da yake bai taɓa sa ta a inda ya dace ba. Ragowar tuwona kuma ya samu masu shi, ina busar da shi a kan hita in marmasa musu. Da na haihu ya aiko da 'yar hular ulu da matarsa ta saƙa tun da daɗewa ba a samu mai sawa ba. Yaya ce ta yi mini wankan jego a bahon gidan, tana tafasa ruwa a tukunya uku tana hawa da sauka, tana faɗan cewa ruwan Turawa ba ya zafi. Na ba ta haƙuri tun ranar da na yi magana, ta ce ya wuce, ba ta ƙara ko kalma ba. Na ɗauka iyakar zancen ke nan.

Shekaru suka tafi. Dattijon ya rasu, aka rushe ɗakin tattabarun. Mu da muka zo karatun shekara uku muka yi ta cewa baɗi za mu koma, har Malam ya kwanta dama a ƙasar nan. Yaya ta yi ritaya, gwiwoyinta suka gaji da sanyi, ta ce za ta koma Kumasi ta mutu a inda za a kira sunanta daidai. Na je gidanta a Lewisham na taya ta haɗa kaya. Da muka zauna hutawa, kamar yadda ake yi idan za a rabu, na ce mu yafi juna. Na ce akwai kwana biyun da suka tsaya mini a rai tun ina yarinya, lokacin da aka ɗora mata laifina ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ni kuma na yi shiru.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa ya ce ban sani ba? Tagana yana kallon lambu, Amarya. Kullum da asuba ina ganin ka, kai da dilan ka, kana mishi surutu."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa, Yaya? Korar ki fa aka yi."

"Kana da ciki, ba ka da uwa a nan, ba ka da Turanci. Ni ina da inda zan kwana."

"Da ban hau na faɗa ba fa?"

"Da na tafi." Ta ɗaga kafaɗa. "Da kuma ka aiko a kira ni ranar haihuwa, da na zo. Tashi ka danne mini jakan nan, ya ƙi rufuwa."

Na tashi na zauna a kan jakar, ta ja zip ɗin da ƙyar, muna dariya, ni ina share ido da bakin mayafi. Washegari ɗana ya kai mu filin jirgi. Na yi mata alkawarin zan je in ga Kumasi, ta ce za ta ajiye mini ɗaki. Damina biyu ta yi a can aka bugo mini waya cewa ta rasu.